Wuyan Kefas

Malam Albert, mai kula da ɗakin ibadarmu. Dattawan Sabon Gari. Sati, Sarkin 'yan dako. Goggo Zubaidatu da kika taso tun daga Hanwa. Lucia, matar ƙanena: sannunku da zuwa. Ni ce Susanna, yayar Kefas. An ce in yi magana mai sanyi. Ku gafarce ni, yau ba ni da ita.

Kefas ya kasance cikin waɗanda suka ɗauki ƙarfen dogo a ka har jirgi ya iso Zariya. Ya kasance mai sauke wa tsofaffi kaya a tasha ba tare da an roƙe shi ba. Ya kasance mai ciwon wuya, wannan kuwa shi ne muka ƙi yarda da shi.

Ciwon ya kama shi a daminar da 'yarsa ta rasu. Daga ƙeya zuwa kafaɗa jijiyoyi suka ɗaure tamau. Likitan Turawa ya latsa, bai ga kumburi ba, ya ce wa tafinta, "Baƙin ciki ne, ya koma aiki." To, don baƙin ciki ne sai wuya ya daina ciwo? Mu kuwa muka karɓi maganar, muka ƙara mata gishiri. A tasha aka ce ragwanci. A ɗakin ibada muka ce ƙarancin bangaskiya. Wanzami ya yi masa ƙaho, da bai warke ba ya ce iska ce.

Sarki, kai ka kafa dokar ba mai hutu sai wanda ya nuna jini ko kumburi. Kefas ya durƙusa gabanka, ka ce, "Nuna mini." Me zai nuna maka? Ka sa aka aza masa dilar auduga. Da aka turo tarago ta gefensa, kowa ya yi ihu, "Kefas, waiga!" Waiga? Mutumin da ko matarsa zai duba sai ya juya jikinsa duka? Haka taragon ya buge shi, bai tashi ba.

Lucia, kada ki ƙara sunkuyar da kai a bakin rijiya. Mijinki bai yi ƙarya ba.

Sarki, yau ɗin nan akwai masu ɓoye irin wannan ciwo a tasha don tsoron bakinmu. Gobe in wani ya ce maka wuyansa, ka yarda, ko ba ka ga komai ba.

Mun gode da tattakinku. Allah ya ba Kefas hutun da muka hana shi. Ya gafarta mana, amma kada ya bari mu manta. Amin.