Dusar Kamfanin Giya

A shagon abincin kaji, wani dattijo ya sunkuya ya sunsuni buhun da wata mata ta saya.

"Baiwar Allah, wannan ai dusar kamfanin giya ce. Ita kike ba kajin da mutane za su ci?"

"Busasshiya ce, Baba, babu maye a cikinta. Kaɗan nake zubawa cikin masara, kajina suna yin nama."

"Da masu sayen kajinki za su ji, da kin rasa ciniki."

Matar ta dubi dattijon.

"Baba, ni wata uku ina ɗibarta ban san ƙanshin giya ba ne. Kai yaya aka yi ka gane da sunsunawa ɗaya?"

Dattijon ya juya ya tambayi mai shago maganin mura na kaji.