Hijabin Hadiza da Motocin Siminti

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Daga Figil nake rubutowa.

'Yata Hadiza da keke take zuwa makarantar lise, wato sakandare. Ranar Talata motar siminti ta matse ta, ta kauce cikin tsakuwa, hijabinta ya naɗe a ƙafar keken, ta faɗi ta karye a hannu.

Ni na ɗinka mata shi har ƙasa. Bayan faɗuwar ta ce, "Inna, ko a rage tsawonsa?" Mahaifinta ya roƙi hukuma a ware wa masu keke gefen titi, har yau shiru.

Na yarda da ƙaddara, amma ban sani ba, haƙuri nake yi ko sakaci. Malamai da iyaye, ku ba ni shawara: idan hannun ya warke, in sake sakinta a titin nan?