Birkin da Na Ce Na Gyara

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar ni da rai har na tsaya a gabanku yau.

Yawancinku kun san ni, ni ne Iliya mai gyaran keke na bakin tashar Magarya. Kun san na yi shekara huɗu a waje, kun kuma ga yadda na dawo. Abin da na baro a can ne ba ku sani ba.

Shekarar da gero bai yi ba na bi hanyar arewa, na ratsa Aljeriya har na kai Maroko. A hanyar nan na koyi shan tramol. Wani abokin tafiya ne ya ba ni, ya ce tana kashe yunwa da gajiya. Na fara da ɗaya a rana.

A Maroko na samu aiki wajen wani kamfani mai kai Turawa hutu a kan keke. Mu da muka saba da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, abin zai yi mana wuyar ganewa. Mutane ne suke baro gidajensu su zo su yi kwana shida ko bakwai suna tuƙa keke a duwatsun Atlas. Hanya tana ta murɗewa tana hawa tun safe har azahar, sai a kai can ƙololuwa inda ake ƙetarawa zuwa ɗaya gefen, sanyi yana yanka fuska. Daga nan sai gangara mai tsawo. Jagora yana gaba a kan kekensa, ni da direba muna baya cikin mota da ruwa da abinci da tayoyi. Kowace safiya ni ke duba kekunan ɗaya bayan ɗaya.

A wata tafiya akwai wani dattijo Bafaranshe, tsohon malamin lakkol, wato makarantar boko, ya zo da matarsa Madam Elen. Baba Alber nake ce masa. Kullum shi ne na ƙarshe a hawa, saboda haka motarmu ke bin bayansa, yana numfashi sama-sama yana tambayata sunan abubuwa da Hausa. Ya tambayi sunan matata, na ce Rahila, bai kuma manta ba.

A rana ta uku da yamma ya ce mini birkinsa yana ƙara. Na ce zan canja robobin kafin a tashi. Da safe sanyi ya yi yawa, na haɗiyi ƙwaya uku, kaina ya yi nauyi, na manta. Baba Alber yana ɗaure hular kwanonsa ya tambaye ni, "Iliya, ka duba?" Na tuna a take, amma kowa ya riga ya hau keke, jagora yana kallon agogo. Na ce, "Na gyara, Baba."

Ya hau dutsen lafiya. A gangara, a wata kwana mai tsanani, keken ya ƙi tsayawa. Ina kallo ta gilashin mota ya daki duwatsun gefen hanya.

Ni na fara isa wurinsa. Na ɗora kansa a cinyata har ambilans ta zo. Kafin jandarmomi su iso, na sa keken a bayan mota, na duba birkin, na ga robobin sun cinye har ƙarfe. Ƴan'uwa, na ciro sababbi na sa, na jefa tsofaffin cikin kwazazzabo. Da aka duba, aka ce gudu ne ya yi masa yawa.

Bayan kwana biyu ya rasu a asibiti. Madam Elen ta riƙe hannuwana biyu tana kuka tana yi mini godiya, wai ban bar mijinta shi kaɗai a ƙasa ba. Na karɓi godiyar, na ɓoye mata gaskiya.

Ban ƙara wata biyu ba na dawo gida. Rahila ta yi murna, amma ba mijinta ne ya dawo mata ba. Na buɗe rumfata na kasa aiki. Ƙwaya ta kai goma a rana. Na daina zuwa sujada. Rahila ta tambaye ni har ta gaji, na ce mata gajiyar hanya ce. Tana sayar da ƙosai tana ciyar da mu, ni kuwa ina yi mata tsawa a gaban ƴaƴanmu.

Wata ranar kasuwa na faɗi a garin Bande, jikina yana karkarwa, kumfa a baki. Maƙwabcinmu Malam Sani mai hatsi ne ya gane ni, ya bar buhunansa ya kai ni wurin likita. Allah ya saka masa.

Da aka sallame ni, Baba Ayuba, dattijon ikilisiyar nan wanda ya yi aikin jinya shekaru da yawa, ya ce in raka shi gonarsa ta wake. Muka zauna a inuwar gawo. Bai yi mini faɗa a kan ƙwaya ba. Ya ce, "Ɗana, mene ne kake son ka manta?"

Na faɗa masa duka. Ban taɓa yin kuka irin na ranar ba. Muka durƙusa a kan rairayi, ban iya doguwar addu'a ba, na ce, "Yesu, ni ne na yi. Na gaji da ɓoyewa. Ka ji tausayina." Ban ga haske ba, ban ji murya ba, amma na tashi na ji ƙirjina ya saki, na kuma koma gida na faɗa wa Rahila.

Barin ƙwayar bai zo da sauƙi ba. Makonni na yi ina gumi da amai, Baba Ayuba yana kula da ni tare da likita, Rahila tana addu'a a bakin ƙofa. Ubangiji ya riƙe ni. Yau wata goma sha ɗaya ke nan ban sha ba. Halleluya!

Sauran abu ɗaya. Baba Ayuba ya taimake ni na rubuta wa Madam Elen wasiƙa da Faransanci, jagoranmu na Maroko ya isar mata. Wata uku shiru, sannan amsa ta zo. Ta ce ita ce ta matsa wa mijinta su yi tafiyar, kuma a ranar ita ta ce masa ya saki keke ya yi gudu a gangara kada a bar su a baya. Shekara biyu tana ganin ita ta kashe shi. Ta ce ba za ta iya cewa ta yafe mini yanzu ba, amma ta gode da na faɗi gaskiya.

Shiruna ne ya bar matar nan da wannan nauyi shekara biyu. Wannan baƙin cikin bai rabu da ni ba, ban kuma roƙi Allah ya ɗauke shi ba.

Ina gode wa Yesu da bai jira na zama mutumin kirki ba kafin ya ji ni. In akwai mai ɗauke da abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, kada ya jira ya faɗi a kasuwa kamar ni. Ya kawo wa Ubangiji, ya dogara gare shi, zai karɓe shi. In kuma za ku yi mini addu'a, ku fara sa Madam Elen. Amin.