Bakanike Ya Yage Ledar Kujerar Inna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Lawal, manomi daga Mahuta, kuma wallahi raina a ɓace yake.

Bana da na sayar da masara, Allah ya hore min sabuwar mota. Lokacin mahaifiyata, Inna, tana doguwar jinya a asibiti a Malumfashi. Na yi mata alkawarin babu mai zama a kujerar gaba, ita za ta cire ledar da hannunta ranar da aka sallame ta. Ko matata a baya take zama, tana ta mita.

Da lokacin juyen mai na farko ya yi, na kai motar wani gareji a Funtua. Na ja kunnen bakaniken, na ce, "Malam, juyen mai kawai, kada a taɓa kujerar nan." Ya ce, "An gama, Alhaji."

Na je sallar azahar na dawo, sai na tarar da shi kishingiɗe a kujerar yana shan rake. Ledar kuwa ya yage ta, ya shimfiɗa a ƙasa ya zube sifanoninsa a kai, duk baƙin mai. Da na yi magana har dariya ya yi, wai barin leda a mota ƙauyanci ne. To, ƙauyancin nan ne ya sayi motar da yake shan rake a ciki.

Satin nan za a sallami Inna, kullum sai ta tambayi kujerarta. Masu sauraro, ku ba ni shawara. In sayo wata leda in yaudari tsohuwa, ko in dubi idonta in ce bakanike ya riga ta zama?