Ashana Biyu da Jiƙaƙƙen Icce

Mai girma shugaban taro, shugabar makarantarmu, shugabannin rundunonin sikawut da suka zo taya mu murna, malamai, iyaye mata da iyaye maza, da ku 'yan sikawut da kuka ja layi cikin rana kuna ƙoƙarin nuna ba ku gaji ba, assalamu alaikum.

Ina godiya ga mai gonar da ya ba mu aron fili muka kafa sansani, ga direban da ya kai mu ya dawo da mu, da iyayen da suka ba mu amanar 'ya'yansu, har da waɗanda suka riƙa bugo waya suna tambaya ko an ba yaro filo.

Yau ranar ƙarin girma ce, kuma zuciyata fari ƙal take. Amma kafin a maƙala wa kowa lamba a kafaɗa, ya kamata ku ji abin da aka sha kafin a same ta.

Na farko, ƙulli. Yaron da ya iya ɗaure takalminsa yana zaton ya gama da igiya. Sai a sansani yake gane cewa ƙullin da ke riƙe tanti daban, na rataye karyayyen hannu daban, na jawo mutum daga rami daban. Tantin da aka ɗaure da ganganci ba ya gardama; da iska ta taso sai ya kwanta a kan masu shi.

Na biyu, taswira da kamfas. Da muka karɓe wayoyi a bakin sansani, an yi jimami kamar an yi rashi. Yau ga su nan: a ajiye su tsakiyar daji, su dubi rana, su dubi allurar kamfas, su kawo ku gida.

Na uku, wuta, kuma a nan zan daɗe. Ƙa'idarmu ashana biyu, ba fetur, ba kananzir, ba takarda. Muna ɗaura zare tsakanin sanduna, daidai gwiwa, kuma sai harshen wutarka ya tsinke zaren ka ci jarrabawa.

Muna da wata yarinya da ƙawayenta ke kira Hayaƙi, domin abin da murhunta ya fi bayarwa ke nan. Ta haye komai, wuta kaɗai ta tsaya mata. Bara ta faɗi. Bana shekarunta sun kai iyaka, in ta sake faɗuwa za ta bar rundunar nan ba tare da lambar ba.

Jiya da safe ruwa ya sauka, icce duk ya jiƙe. Mahaifinta, wanda makanike ne, ya biyo mu a babur ya tsaya bayan shinge. Ina kusa ina jin su. Iyaye na zaton mai riƙe da usur kurma ce.

Ya ce, "Ke, matso. Ga ɗan fetur a kwalba. Ki ɗiga kaɗan, wa zai sani?"

Ta ce, "Baba, hancin Anti zai sani." Ni ke nan take nufi.

"To ki matsa inda iska ke kwashe warin mana."

"Baba, don Allah ka yi shiru."

Ashana ta farko, iska ta ɗauke ta. Yarinyar nan ta ajiye kwalin ashana, ta ɗauki reshe mai kauri ta tsaga shi da wuƙa, domin ruwa bai kai cikin icce ba. Ta fere busasshen cikin siriri-siriri, ta tara, ta jera ƙananan ƙirare, ta ture manyan gefe. Ta ba iska baya, ta durƙusa, ta ƙyasta ta ƙarshe.

Hayaƙi ya tashi. Wani ya fara dariya. Ba ta hura ba, domin bara saurin hurawa ne ya kashe mata wuta. Ta jira, mu ma muka jira. Sai ga jan wuta. Harshen ya hau, ya lashi zaren, zaren ya yi baƙi, ya tsinke!

Wanda ya fara tsallake shinge mahaifinta ne. Sai da na busa masa usur, domin mutum ne da kwalbar fetur a aljihu yake gudu wajen wuta.

Ya ku iyaye, mun san ƙauna ce, mun san tausayi ne. Amma ku bar musu jiƙaƙƙen iccen, ku bar musu ashanarsu ta biyu. Da ta karɓi kwalbar nan, da yau tana zaune cikinku tana tafa wa wasu.

Saboda haka ita za mu fara kira. Baba, a wanke hannu, a taso, kai za ka maƙala mata.

Allah ya albarkaci yaran nan, ya ƙarfafa hannuwansu, ya ba iyayensu haƙurin tsayawa bayan shinge, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.