Mabuɗin Injin Hajo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Da sunan Allah na miƙe, da sunansa kuma nake fatan in koma mazaunina da sauran mutuncina, idan akwai abin da zai rage.

Mai girma shugaban wannan taro, Allah ya ja zamaninka. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Mai girma ɗan majalisarmu da ya taso tun daga Kaduna. Dagatai da masu unguwanni na ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan, Allah ya ƙara muku girma. Limamai da malamai, Allah ya gafarta muku. Malam Gambo, malamin haraji, wanda na ga ya gyara zama tun da aka kira sunana. Maƙera da masaƙa da teloli da mahauta da masu injin mazarƙwaila, Musulminku da Kiristanku. Iyayena mata da 'yan'uwana da ke can bayan zana kuna leƙe. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga shugaba da ya yarda mace ta yi magana a gaban manya a ranar kasuwa. Na san ba don kyan muryata ba ne. An gaya masa cewa idan bai ba ni fili a cikin rumfa ba, zan yi maganar a bakin rumfa, kuma a can ba ni da iyaka. Ga wanda bai san ni ba, ni ce Bilki 'yar Malam Uwaisu, malamar yaƙi da jahilci ta mata a nan Makarfi. Na sauke Alƙur'ani a zauren mahaifina, na iya ajami, na iya boko, na tsinci Turancin da zai kai ni Zariya ya dawo da ni. Ku riƙe wannan kirari da na yi wa kaina, don nan gaba kaɗan za ku ga inda ya kai ni.

Magana ta farko ita ce dokar da ta tara mu. Kowa a nan ya san tsohuwar takardar haraji ta masu sana'a: shafi goma sha biyu, da Turanci, sau huɗu a shekara. Takarda ce da aka tsara wa manyan kamfanonin da ke sayen auduga da gyaɗa, sai aka ɗauko ta yadda take aka ɗora wa mai tuyar ƙosai. Ni da hannuna na tambayi mai ƙosai motoci nawa kamfaninta yake da su. Ni da bakina na tambayi maƙeri ko yana da reshe a ƙasashen waje, ya ce yana da ƙani a Kudan, ko shi ma za a rubuta? Turawa sun sauke tutarsu sun tafi, amma takardarsu ta zauna, ta yi shekara uku tana mulkinmu, mu kuma muna dangwala mata yatsa. Wannan abu ya ƙona mini rai, kuma har gobe idan na tuna sai ya ƙona. Ba harajin muka ƙi ba. Wanda ke son rijiya da asibiti da makaranta ya san sai ya sa hannu a aljihu. Abin da muka ƙi shi ne mutum ya rufe maƙerarsa kwana uku yana yawon neman wanda zai gaya masa abin da ake tambayarsa a ƙasar ubansa.

Yanzu ga abin da mai girma ɗan majalisa ya karanta mana. Duk mai ƙaramar sana'a, falle ɗaya zai cika, da Hausa, boko ko ajami, sau ɗaya a shekara. Tambaya biyar ce: sunanka, garinka, sana'arka, mutum nawa ke taya ka, da abin da sana'ar ke kawo maka. Yabon gwani ya zama dole. Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu a wannan aiki.

Magana ta biyu, wa ya fi kowa asara da wannan doka? Ga ta tsaye a gabanku. Takardar koke goma sha ɗaya na rubuta a kan a rage shafukan nan, har ma'aikacin gidan waya ya daina amsa gaisuwata. Amma ban taɓa zama na tambayi kaina wa takardar take ciyarwa ba. Ni take ciyarwa. Duk bayan wata uku zaurena cika yake da mata, daga Gimi, daga Hunƙuyi, daga Nasarawan Doya, wannan da kaza, wannan da ƙullin daddawa, kowa na cewa Malama, Malama. Ni kuma in ɗauko tabaran da idona bai buƙata, in ɗora a karan hanci, in yi gyaran murya kamar alƙali. Ina zagin takardar da rana, ina cin kazarta da yamma. Tun da labarin sabuwar doka ya fito, ko akuya ba ta leƙa zauren nan ba. Na kashe kasuwata da alƙalamina, kuma wallahi ta cancanci mutuwa.

Magana ta uku ita ce wadda ta hana ni cin abinci tun jiya. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai wata baiwar Allah a Nasarawan Doya, Hajo, tana can bayan zana, ta yafe mini kiran sunanta. Mijinta ya rasu bara, ya bar mata gonar rake a fadama, da injin matsewa, da doki ɗaya mai juya injin, da bakuna bakwai masu neman tuwo. Duk ƙasar nan Mai Inji ake ce masa, ni ma ban san shi da wani suna ba. Da farkon daminar nan ta zo zaurena in cika mata takarda. Muka yi ta tafiya lafiya har layi na tara, inda ake neman sunan miji.

Na ce, "Yaya Hajo, sunan maigida."

Ta ce, "Ai ya rasu, Malama."

Na ce, "Allah ya jiƙansa, amma takarda ba ta zuwa ta'aziyya. Sunansa take so."

Ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce, "Haba Malama. Shekara ashirin da shida ban kama sunan nan ba yana raye, sai yanzu da yake kwance?"

Jama'a, ku ji abin da na yi. Na cire tabarau na yi mata wa'azi. Na ce mata zamani ya canza, mun sami mulkin kai, wannan kunya ita ke riƙe mu a baya. Ni da nake wannan wa'azi, nawa maigidan ga shi can zaune kusa da mahauta, shekara ashirin da biyu ke nan, ku tambaye shi ko ya taɓa jin sunansa a bakina. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Da na matsa mata, sai ta bi hanyar da iyayenmu ke bi. Ta ce, "Takwaran limamin garinmu ne, Likoro."

Na ce shi ke nan, an gama. Wa zai gaya wa Bilki sunan limamin Likoro? Na rubuta Inuwa, da manyan baƙaƙe, har da jan layi a ƙasa. Ƙanin marigayin yana zaune a ƙofar zaure yana jiran ya raka ta gida. Taku uku ne tsakanina da shi. Ban tambaye shi ba, don mai tabarau ba ta tambaya. Na karanta mata takardar da Turanci, da sauri, don matan da ke jira su ji yadda harshena ke juyawa. Ta ce madalla, ta dangwala yatsa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, Hajo ta bar Likoro tun tana amarya. A wurinta limamin Likoro har abada shi ne wanda ya ɗaura mata aure, Malam Usmanu, wanda ya daɗe da komawa ga Allah. Malam Inuwa limamin yau ne. Mijin Hajo Usmanu ne sunansa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sai dai wannan karon a wuyan wata aka ɗaura shi.

Takarda ta isa ofis. A littafin Malam Gambo injin na Usmanu ne, a takarda kuma matar Inuwa ce ke juya shi. Aka duba, aka sami wani Inuwa a Nasarawan Doya, mai jaki, lafiyarsa ƙalau. Aka aika masa da takarda ya zo ya faɗi ranar da ya rasu. Ku yi dariya, shi ma ya yi, bayan ya gama salati. Amma ƙarshen dariyar shi ne aka ce Hajo ta ba da bayanin ƙarya, aka sa wa injinta sarƙa da kwaɗo sai an gama bincike. Binciken kuwa ya tafi Zariya, bai dawo ba har yau.

Malam Gambo, a nan zan wanke ka, ko da yake ban so ba. Ka kira ni ofis, ka ce, "Malama Bilki, daga ina wannan suna ya fito?" Na dube ka ido cikin ido na ce, "Abin da aka gaya mini na rubuta." A lokacin na riga na gane inda na yi tuntuɓe. Na san kalma ɗaya daga bakina za ta cire kwaɗon nan. Amma na tuna zaurena, na tuna masu cewa Malama, sai na bar gwauruwa ta ɗauki sunan maƙaryaciya don kada a ce Bilki ta yi kuskure. Wata biyar ina yawo ina gaya wa mutane cewa malamin haraji ba shi da imani. Wata biyar doki na cin harawa bai zagaya inji ko sau ɗaya ba.

Da a nan na tsaya, da sauƙi. Ranar Lahadi na karanta labarin sabuwar doka a jarida, na hau motar kasuwa har Nasarawan Doya, na ce, "Yaya Hajo, an soke tsohuwar takarda, sa a sare rakenki." Ta sake yarda da ni. Allah ya sani ban san dalili ba. Ranar Litinin aka sare rabin gonar. Sai jiya na zauna na karanta labarin har ƙarshe, na ga abin da na tsallake: kuskuren da ke tsohuwar takarda ba ya faɗuwa da kansa, sai wanda ya rubuta ya amsa a gaban shaidu cewa daga hannunsa ne, sannan mai sana'a ya cika sabuwa. Masu inji da ke nan, kun fi ni sanin kwana nawa rake ke yi a sare kafin ruwansa ya yi tsami. Yau kwana uku. Idan ya kai Juma'a, ba mazarƙwaila, sai abincin shanu, kuma abincin gidan Hajo na shekara guda ke nan a jibge a bakin fadama.

Don haka magana ta huɗu gajera ce. Doka ta ce shaidu. Ban san inda zan sami shaidun da suka fi waɗannan ba. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, ka shaida. Limamai, ku shaida. Mata, ku shaida, ku da za ku kai labarin nan Ikara kafin la'asar. Ni Bilki 'yar Malam Uwaisu, ni na rubuta Inuwa a inda ya kamata in rubuta Usmanu. Hajo ba ta yi ƙarya ba. Kunya ta yi wa mijinta, kuma tata kunyar ta fi karatuna daraja. Ni na yi ƙarya, a ofis, da rana tsaka, da tabarau a fuskata.

Ga kuma sabuwar takardar. Mai girma ɗan majalisa ya yafe mini, daga cikin waɗanda ya kawo don nunawa na zari ɗaya ɗazu. Ku duba rubutun, ba nawa ba ne. Hajo ta yi wata takwas a ajina, ita ta cika ta da hannunta a bayan zana, kafin mai shayi ya tafasa ruwa. Baƙaƙen sun karkace kamar kunyar sabon manomi, amma babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Kuma babu inda aka tambaye ta sunan miji.

Malam Gambo, ga takarda, ga shaidu, ga mai laifi. Na san za ka iya cewa sai umarni ya zo daga Zariya, amma ga wanda ya ɗaga hannu aka yi dokar yana zaune kusa da kai, kuma na ga ya gyaɗa kai. Rake ba ya jiran masinja. Na ga hannunka ya shiga aljihu. Idan goro ne, Allah ya amfana, ajiye abinka. Idan mabuɗi ne, kada ka ba ni, an ga abin da hannuna ke yi. Miƙa shi bayan zana.

Alhamdu lillahi. Jama'a kun gani. Yaya Hajo, kada ki tsaya jin addu'a, motar Nasarawan Doya na shirin tashi, a ɗaura wa dokin nan igiya tun rana na sama. Gafara kuma ba zan roƙe ki a gaban mutane ba, don kada kunya ta sake sa ki ce madalla. Zan zo gida, ba tabarau.

Allah ya ja zamanin shugabanninmu, ya ba su ikon rage wa talaka wahala. Allah ya sa albarka a ƙasarmu da kasuwanninmu da fadamunmu. Allah ya ba masu ilimi tawali'un tambaya, ya fara da ni. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya jiƙan Usmanu Mai Inji na Nasarawan Doya. Usmanu, jama'a. Wannan karon na tambaya.

Na gode.