Zangarniyar maiwar Baba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sale, direban Adaidaita Sahu a Gyaɗi-Gyaɗi. Shekaranjiya a hanyar Tarauni na ji baƙonku a rediyo yana cewa masana suna iya ƙara wa hatsi sinadarin gina jiki, har da ɗanɗano da ƙanshi. Wallahi sai da na faka.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana noma wata maiwa a ƙauyenmu. In Inna ta dama furarta, tun daga zaure ake jin ƙanshi. Bayan rasuwarsa ƙannena suka koma sabon iri mai saurin nuna. Ban ga laifinsu ba, damina ta gajarce. Amma furar ba ƙanshi.

Zangarniya ɗaya ta rage, wadda Baba ya rataye saman murhu don iri. Bara na shuka ƙwaya goma a bokiti, ko ɗaya ba ta tsiro ba.

Don Allah ku tambayar mini baƙon nan: irin da ya mutu, ana iya ciro ƙanshinsa a sa wa sabo? Inna ta tsufa, fura kaɗai take iya sha. Kullum sai ta shinshina kwanon, sannan ta kai baki.